Ra'ayin ɗalibai a kan malaman jami'a: ma'auni ne ko son rai?

A jami'o'i da dama na duniya ba a rufe zangon karatu sai an bai wa ɗalibai takardar tambayoyi domin su faɗi yadda suka ga koyarwar malamansu. A Najeriya ma hukumar kula da jami'o'i ta tanadi haka. To amma me wannan takarda take iya nunawa, me kuma ya fi ƙarfinta?

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya doshi garin Kura zai fara ganin abin da ba a saba gani ba a sauran sassan ƙasar Hausa a irin wannan lokaci, wato gonaki kore shar na alkama da shinkafa da tumatir da albasa, alhali kuwa an yi watanni rabon da a ga ɗigon ruwan sama.

Ruwan da ke raya waɗannan gonaki yana gangarowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamnan jihar Kano na farko, marigayi Audu Bako. Daga can ne yake bin babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya kai ga gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. Wannan shi ne shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma an tsara kashinsa na farko ne domin shayar da hekta 22,000.

Alaƙar wannan yanki da ajin jami'a ta fi yadda ake zato ƙarfi. Injiniyan da ke lissafin ruwan da za a saki, da malamin gonar da ke ba da shawara a kan iri da taki, da masanin da ke gwada ƙasa domin ganin ko gishiri ya fara cin ta, da damansu sun fito ne daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko kuwa jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda tun shekara ta 2022 ake kira da sunan Aliko Ɗangote. A Kadawa ma, a tsakiyar yankin, akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru.

A shekara ta 2016, lokacin da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna, har masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kayan sarrafawa, abin da manomi ke bukata shi ne wanda zai duba ganye ya gane ƙwaron, ya kuma san abin yi. Takardar shaidar digiri ba ta da wani amfani a gare shi idan babu wannan.

Ke nan idan malami ya yi sakaci a aji, ba ɗalibi kaɗai abin yake shafa ba. Asarar tana iya ƙarewa a kan manomin da ya ci bashi ya sayi taki. Wannan ne ya sa tambayar wane ne ke sa ido a kan yadda ake koyarwa a jami'a ta wuce harabar makaranta.

Yadda tsarin yake

A bisa al'ada, ana raba takardar ce a makonnin ƙarshe na zangon karatu, kafin a fitar da sakamakon jarrabawa. A wasu wuraren takarda ce ta hannu, a wasu kuma ɗalibi na cikawa ne ta intanet. Ba a rubuta suna.

Tambayoyin sukan shafi abubuwa kamar haka: shin malami yana zuwa aji a kan lokaci? Yana yin bayani yadda za a fahimta? Yana ba da damar yin tambaya? Jarrabawar da ya bayar ta dace da abin da ya koyar? Ɗalibi kan zaɓi maki, galibi daga 1 zuwa 5, sannan a bar masa fili a ƙasa domin ya rubuta abin da ke ransa. Daga nan sai wani ofishi na jami'ar ya tattara, ya fitar da matsakaicin maki, ya miƙa wa malamin da shugaban sashensa bayan an kammala duba jarrabawa.

Amfani iri biyu ake yi da sakamakon. Na farko shi ne gyara, wato malami ya ga inda ɗalibansa ke shan wuya ya sauya salo. Na biyu kuma shi ne hukunci, wato hukumar jami'a ta dogara da makin wajen ƙarin girma ko sabunta kwantiragi ko ma sallama daga aiki. Kusan babu mai jayayya da na farko. Duk cece-ku-cen da ake yi a kan na biyun ne.

Daga ina aka faro?

Batun ɗalibai su sa wa malamansu ido ba sabon abu ba ne. A jami'ar Bologna ta ƙasar Italiya, wadda ake ƙidaya kafuwarta daga shekara ta 1088, ƙungiyoyin ɗalibai ne ke biyan malamai a ƙarnonin farko, kuma sukan ci tarar malamin da ya makara, ko ya tsallake babi mai wuya, ko ya bar gari ba da izininsu ba.

Amma takardar tambayoyi irin ta yau a Amurka aka fara ta. A shekara ta 1927 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Hermann Remmers da abokin aikinsa suka fitar da ma'aunin tantance malamai a Jami'ar Purdue. Tsarin ya bazu sosai a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ɗaliban Amurka suka matsa lamba a riƙa jin ta bakinsu a kan yadda ake tafiyar da jami'o'i. A Birtaniya kuwa, tun shekara ta 2005 ake gudanar da jin ra'ayin ɗaliban shekarar ƙarshe a duk faɗin ƙasar, kuma jaridu na amfani da sakamakon wajen jera jami'o'i daki-daki.

A Najeriya, wata dokar soja ta 1985 ce ta bai wa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowane kwas zai cika. An fitar da kundin farko a 1989, aka sabunta shi a 2007, sannan aka ƙaddamar da wanda ya gaje shi a watan Disamba na 2022. Daga cikin abubuwan da waɗannan ƙa'idoji suka tanada har da cewa kowace jami'a ta samar da hanyar da ɗalibai za su tantance kwasa-kwasan da aka koyar da su a ƙarshen kowane zango.

To sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A Amurka koken malamai shi ne an ɗora wa wannan takarda nauyin da ya fi ƙarfinta. A Najeriya kuwa ƙarin girman malamin jami'a ya fi dogara ne a kan yawan maƙalun da ya wallafa a mujallun ilmi da kuma shekarun da ya yi yana aiki. Malamin da ya ɓata dare yana shirya darasi da wanda ya yi shekara goma yana karanto wa ɗalibai tsohon littafinsa na rubutu, duk suna iya hawa mataki ɗaya a rana ɗaya. Saboda haka masu son a ƙarfafa jin ra'ayin ɗalibai a ƙasar suna da hujja mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a san iyakar abin kafin a rungume shi.

Abin da bincike ya nuna

Shekara da shekaru masana sun yi imani cewa malamin da ɗalibai suka yaba shi ne wanda suka fi ƙaruwa da shi. Wani nazari da Peter Cohen ya wallafa a 1981, inda ya haɗa sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa akwai alaƙa matsakaiciya tsakanin makin da ɗalibai ke bai wa malami da ƙoƙarinsu a jarrabawa. An daɗe ana kafa hujja da shi.

Amma tun kafin nan an fara ganin alamun matsala. A shekara ta 1970 wasu masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo, suka ba shi sunan Dakta Myron Fox, suka gabatar da shi a matsayin ƙwararre. Ya yi lacca a gaban likitocin ƙwaƙwalwa da sauran masana, cike da maganganu masu karo da juna da kalmomin da ba su da ma'ana, sai dai ya yi ta cikin fara'a da barkwanci da nuna isa. Da aka raba takardar tambayoyi, akasarin waɗanda suka saurare shi yabonsa suka yi. An wallafa sakamakon a 1973, kuma ko da yake an soki yadda aka tsara gwajin, har yau ana ambatonsa a matsayin gargaɗi cewa iya magana daban, ilmi daban.

Bincike mafi ƙarfi ya fito ne a shekara ta 2010 daga kwalejin horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka. A can ɗalibi ba ya zaɓen malami. Rarraba su ake yi kamar ta hanyar ƙuri'a, kowa ya rubuta jarrabawa iri ɗaya, kuma dole ne kowa ya ci gaba zuwa darasin lissafi na gaba. Masu binciken, Scott Carrell da James West, sun bi diddigin ɗalibai fiye da 10,000. Abin da suka gano shi ne, malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar ajin farko su ne suka fi samun yabo, amma waɗannan ɗaliban ne kuma suka fi raunana a azuzuwan gaba. Malaman da suka fi daɗewa a aikin kuwa ɗalibansu ba su haskaka a ajin farko ba, amma sun fi tsayawa da ƙafarsu daga baya. Fassarar da aka yi wa wannan ita ce, wani malamin jarrabawa yake koyarwa, wani kuma fannin yake koyarwa.

A 2014 an sami kusan irin wannan sakamako a Jami'ar Bocconi da ke birnin Milan, inda har aka lura cewa yanayin garin a ranar da aka cika takardar yana shafar makin. A 2017 kuma Bob Uttl na ƙasar Kanada da abokan aikinsa suka sake bitar tsofaffin binciken da Cohen da wasunsa suka dogara da su, suka ce idan aka yi la'akari da ƙanƙantar wasu daga cikinsu, alaƙar da ake magana a kai kusan babu ita.

Akwai kuma abubuwan da ba su da nasaba da karatu ko kaɗan. A wata jami'a da ke jihar North Carolina ta Amurka, an sa malamai biyu, mace da namiji, su koyar ta intanet, kowannensu ya koyar da rukuni ɗaya da sunansa, wani rukunin kuma da sunan abokin aikinsa. Ɗalibai sun fi ba da maki ga wanda suka ɗauka namiji ne, ko da kuwa macen ce ke bayan sunan. Ɗaliban da aka gwada ba su da yawa, amma wani bincike mafi girma a wata jami'a ta birnin Paris ya nuna cewa ɗalibai maza sun fi fifita malamai maza. A birnin Münster na Jamus kuma, a 2018, an gano cewa ɗaliban likita da aka ajiye wa biskit mai cakulan a aji sun fi yabon malamansu a kan waɗanda ba a ajiye wa ba.

Wani gwaji da aka wallafa a 2019 daga Jami'ar Harvard ya ƙara fito da dalilin. An koyar da darasin fiziks ta hanya biyu: a ɗaya malami ya yi lacca mai daɗin sauraro, a ɗayar kuma aka sa ɗalibai su yi ta fama da tambayoyi da kansu kafin a yi musu bayani. Waɗanda suka yi fama sun fi cin gwajin da aka yi musu, amma da aka tambaye su sai suka ce a ganinsu a wajen mai lacca suka fi ƙaruwa. Wato wahalar koyo ɗalibi yakan ɗauke ta a matsayin gazawar malami.

Irin waɗannan hujjoji ne suka sa a shekara ta 2018 wani alƙalin sasanta rikicin ma'aikata a Kanada, William Kaplan, ya yanke hukuncin cewa Jami'ar Ryerson ta birnin Toronto, wadda daga baya aka sauya wa suna, ta daina amfani da makin ɗalibai a matsayin ma'aunin ƙwarewar koyarwa wajen ƙarin girma da tabbatar da malami a aiki.

Abin da ɗalibi ya sani

Duk da haka, alƙalin bai ce a daina tambayar ɗalibai ba. Haka ma akasarin masu binciken. Abin da suka ce shi ne a tambaye su abin da suka sani.

Manoman Kura da Bunkure sun san wannan bambanci. A kusan kowane shirin noman rani akwai waɗanda gonakinsu ke kusa da bakin magudana, akwai kuma na can ƙarshe, waɗanda ruwa ba ya isa gare su sai na gaba sun ƙoshi, musamman idan yashi da ciyawa sun toshe hanya. Manomin ƙarshen magudana ba injiniya ba ne. Ba zai iya faɗin yadda ya kamata a gina madatsa ba. Amma idan ana so a san ko ruwa ya iso ranar da aka ce zai iso, babu injiniyan da ya kai shi sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 kuma ya haɗa da yankin Kogin Kano, ya ba da muhimmanci ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Ɗalibi ma haka yake. Ba shi da ma'aunin da zai gane ko abin da aka koya masa a kan gishirin ƙasa ilmin yau ne ko na shekaru talatin da suka wuce, domin da ya san haka da bai zauna a ajin ba. Amma ya san sau nawa malami ya shigo aji a cikin zango. Ya san ko an dawo masa da takardar gwajinsa da gyara. Ya san ko an tilasta masa sayen takardun darasi da malami ya buga, waɗanda ɗalibai ke kira handawut. Ya san ko an taɓa kai su gona suka ga yadda ake auna gudun ruwa, ko kuwa a kan allo kawai aka zana musu. Ya kuma san ko wanda ya yi tambaya ana amsa masa ko disga shi ake yi a gaban 'yan uwansa.

Babu shugaban sashe ko tawagar NUC, wadda kan zo ta yi 'yan kwanaki ta tafi, da za su san waɗannan abubuwa kamar wanda ya zauna a ajin tun daga farkon zango har ƙarshensa.

Batun ladabi

A ƙasar Hausa akwai wata tambaya da ba a cika yi a Amurka ba: shin ya dace ɗalibi ya bai wa malaminsa maki? Yaron da ya tashi yana durƙusawa ya gaida malam, aka kuma koya masa cewa albarkar karatu tana tare da yardar malami, zai ji nauyin rubuta cewa malam ba ya zuwa aji. Wani malamin ma zai ɗauki tambayar kanta a matsayin raini.

To amma idan aka duba tarihin karatu a wannan ƙasa za a ga cewa girmama malami bai taɓa nufin rufe ido ba. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Imam Zarnuji, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ilmi, ya ware babi a kan girmama malami, amma kafin shi ya ware wani a kan yadda ɗalibi zai zaɓi malamin, ya yi shawara, kada ya yi gaggawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru matuƙa, amma hakan bai hana shi saɓa masa a rubuce ba a kan batun kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai.

A makarantar zaure, ɗalibin da bai gamsu ba yakan ɗauki littafinsa cikin ladabi ya koma wajen wani malamin, kuma yawan masu zama a zauren malami shi ne shaidarsa. A jami'a babu wannan dama. Kwas ɗin dole ne, malamin da aka ba shi kuma shi ke nan. Takardar tambayoyi ita ce ta maye gurbin waccan dama ta tashi a koma wani zaure. Hausawa kuma na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Matsalolin cikin gida

Babban abin da zai iya kashe tsarin a jami'o'in Najeriya shi ne tsoro. Idan malamin da ake tantancewa shi ne ya raba takardun ya kuma tsaya ya karɓa, ko aka bar wa wakilin aji ya tattara ya kai masa, to ba ra'ayi aka karɓa ba. A azuzuwan ƙarshe, inda ɗalibai ba su da yawa, malami ya san rubutun hannun kowa, kuma mai yiwuwa shi ne zai duba kundin binciken ɗalibin na kammalawa. Wanda iyayensa suka sayar da buhunan shinkafa suka biya masa kuɗin makaranta ba zai sayi faɗa da mai riƙe da sakamakonsa ba. Zai ba da maki biyar a kowane layi ya fita.

Na biyu shi ne ɗora wa malami laifin da ba nasa ba. Malamin da aka tara wa ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya babu lasifika, ko aka ce ya koyar da gwajin ƙasa a ɗakin da babu sinadarai babu wuta, ko aka hana shi motar da zai kai ɗalibai Kadawa, ba shi ya kamata ya sha ƙaramin maki ba. Haka nan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya kai kimanin watanni tara a 2020 da watanni takwas a 2022, ya sa an riƙa matse zangon karatu domin cike giɓi. Takardar da ba ta raba abin da ke hannun malami da abin da ke hannun hukuma ba, zalunci za ta haifar.

Na uku shi ne son rai. Idan a Amurka da Faransa jinsin malami yana shafar makinsa, ya kamata a yi hattara a arewacin Najeriya, inda mata masu koyarwa a jami'a ba su kai maza yawa ba, kuma ƙabila da addini da ma aƙida na iya shiga cikin lamarin. Sannan malamin da ya hana satar amsa ko ya ƙi ƙara maki yana iya zama shi ne wanda za a rama a kansa.

Na huɗu kuma, duk ma'aunin da aka rataya wa lada sai an nemi hanyar murɗa shi. A 2008 an naɗi muryar wasu malamai a Jami'ar Kingston ta Landan suna jan hankalin ɗalibai da su ƙara wa jami'ar maki, domin kada darajar digirinsu ta zube a idon masu ɗaukar aiki.

Akwai kuma abin da bai kamata a jira ƙarshen zango a kansa ba. Binciken sirri da BBC ta fitar a watan Oktoba na 2019 a kan malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata a jami'o'in Legas da Gana ya nuna cewa irin wannan laifi yana bukatar hanyar kai ƙara ta musamman, mai kare wadda ta yi magana. Takardar maki daga 1 zuwa 5 ba za ta ɗauki wannan ba.

Shaidar manomi

Idan ɗalibi ba zai iya auna abin da ya koya ba tun yana aji, wa zai auna? A fannin aikin gona amsar tana kusa. Digirin aikin gona a Najeriya shekara biyar ne, kuma ana ware shekara guda domin koyon aiki a gona. A nan ne ake gane wanda ya haddace da wanda ya fahimta.

Akwai ma misali mafi kusa. Gidauniyar Sasakawa ta ƙasar Japan ta tallafa wajen buɗe wani shirin digiri domin malaman gona da suka riga suka daɗe a bakin aiki, wanda aka fara a Jami'ar Cape Coast ta Gana a 1993, daga baya kuma ya iso jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero. A tsarin, ɗalibi yakan koma yankin da yake aiki ya yi watanni yana gudanar da wani aiki tare da manoma a kan wata matsala tasu ta haƙiƙa, malamansa kuma su bi shi har can su duba. Malamin da ya je ya tarar ɗalibinsa ya kasa amsa tambayar manomi ya sami wani sakamako da babu takardar da za ta ba shi.

Ita ma NUC, a cikin abubuwan da take dubawa wajen tantance kwasa-kwasai, akwai ra'ayin waɗanda suka ɗauki tsofaffin ɗaliban jami'a aiki. A yanki irin na Kura, waɗannan sun haɗa da hukumar raya kogunan da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, wato KNARDA, da masu masana'antun casar shinkafa. Tsohon ɗalibin da ya yi shekara uku a bakin aiki shi ma ya fi sanin malamin da ya amfane shi fiye da lokacin da yake fargabar jarrabawarsa.

Ina mafita?

A shekara ta 2019 ƙungiyar masana zamantakewar al'umma ta Amurka ta fitar da wata sanarwa da wasu ƙungiyoyin masana suka mara wa baya. Ta ba da shawarar a ɗauki takardar a matsayin hanyar jin abin da ɗalibai suka fuskanta a aji maimakon ma'aunin ƙwarewar malami, kada a yanke hukunci da ita ita kaɗai, kuma a haɗa ta da wasu shaidu kamar ziyarar abokan aiki zuwa aji da duba kayan koyarwa.

Idan aka ɗora wannan a kan yanayin Najeriya, abubuwan da ake bukata ba masu tsada ba ne. Ofishin da ba ya ƙarƙashin sashen malamin ne ya kamata ya karɓi amsoshin, kuma kada malami ya gani sai bayan ya miƙa sakamakon jarrabawa. Tambayoyin su tsaya a kan abin da ido ya gani, a kuma ware waɗanda suka shafi kayan aiki a aika wa hukumar jami'a, domin ita ma tana da amsar bayarwa. Zai fi amfani a yi wani ɗan jin ra'ayi a tsakiyar zango, lokacin da gyara zai iya amfanar waɗanda suka yi maganar. Malamin da aka ga rauninsa kuma a fara da taimaka masa, domin da yawa daga cikin malaman jami'a an ɗauke su ne saboda sanin fanninsu, ba tare da an taɓa koya musu yadda ake koyarwa ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ɗalibai su ga abin da maganarsu ta haifar. Idan suka ce ba a kai su gona ba, a zango na gaba a fito a faɗa musu abin da aka yi a kai, ko dalilin da ya sa ba a yi ba. Manomin ƙarshen magudana da ya yi ta kai kuka bai ga ruwa ba yakan daina zuwa taro. Ɗalibin da aka tambaya sau uku bai ga sauyi ba, a karo na huɗu zai cike takardar ne ba tare da ya karanta ta ba.